Ƴaƴan Fari Ashirin da Huɗu

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na ci abinci har na suɗe hannu. Kwana goma sha biyu rabona da haka, tun ranar da aka rufe ɗakin haihuwa na Rijiyar Jika aka ce ungozoma Inna Indo ta zauna gida.

Bari in jera abin a nan, tunda maigidana Hafizu ya gaji da ji. Aikina a biro, wato ofishin ƙungiyarmu nan Madawa, lissafi ne. Cikin bazara mun aika masu tambaya gida-gida a Madawa da Buza da Keita, suna tambayar mata haihuwar da suka yi cikin shekara biyar, wane yaro ke raye, wane ya rasu. Ni na raba amsoshin gida biyu, manoma da makiyaya, don a ga ko mutuwar jarirai ta fi nauyi a wani ɓangare. Wajen manoma, cikin kowane dubu talatin ne ke rasuwa kafin su cika wata. Wajen makiyaya na samu casa'in. Ninki uku ke nan. Na zana shi da jan launi, na kai taro Tawa, na tsaya gaban manya na nuna. Abin da aka ce a taron ba zan rubuta ba. An tafa mini, wannan ya isa.

Da aka duba taswira, sai aka ga yawancin mutuwar a rugagen da ke kewaye da Rijiyar Jika take, can cikin Buza, inda ƙungiya ke da ɗakin haihuwa, inda Inna Indo take karɓar haihuwa shekara ashirin da biyu. Rajistarta ta ce yaran sun koma gida da ransu. Lissafina ya ce ɓoyewa take yi. Aka zaɓi lissafina.

To yau da hantsi, don rashin abin yi, na sake raba yaran makiyaya, wannan karon bisa jerin haihuwa. Haihuwa ɗari huɗu da sha biyu, mutuwa talatin da bakwai. Ashirin da huɗu daga ciki ƴaƴan fari ne, ba wanda ke da suna, duk an latsa musu «ya rasu kafin suna». Na biyu da na uku da na huɗu kuwa, mutuwarsu ba ta yi nisa da ta manoma ba. Na san haihuwar fari ta fi wuya, amma ba haka ba. Akwai kuskure a wani wuri. Ban taɓa murnar ganin kuskure a aikina irin ta yau ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na nuna wa shef ɗinmu, shugaban biro Malam Bashiru. Ya sha toka, ya ce rapor, wato rahoton da muka rubuta, ya riga ya tafi, an buga shi da bango mai sheƙi, ni kuma yanzu na zo masa da «wataƙila». Na ce da wataƙila ya kamata in zo tun farko. Ya ce ba zai ba ni mota kan zato ba, in kawo hujja. Mutumin kirki ne, sai dai ya fi tsoron takarda mai hatimi fiye da maciji.

Na kira Munira, wadda ta shugabanci masu tambayar rugage saboda tana jin Fillanci. Tana Tamaske wajen iyayenta, ta ce gobe za ta shigo.

Ban kira Inna Indo ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Munira ta zo. Na ɗora mata jerin ashirin da huɗu a kan tebur, na tambaye ta ko ta tuna gidajen. Ta duba, ta dube ni, kamar ni ce ban da hankali. Ta ce ai waɗannan ba matattu ba ne, ƴan kunya ne.

«Anti Sa'ida, yarinya ta ita ɗai cikin ruga, manya dut sun tahi rijiya. In ce mata mi sunan ɗanki na hwari, sai ta duƙad da kai. Ni cikin wanga abu anka haihe ni, uwata har yau ba ta kiran sunan yayana. In matsa mata? Na'ura kuma ta ƙi wucewa in ba suna.»

Ni na tsara tambayoyin da ke cikin na'urar da masu tambaya ke latsa amsoshi a ciki. Ni na sa ta ƙi wucewa sai an rubuta suna. Ƙofa ɗaya na bari, ta yaron da ya rasu kafin kwana bakwai, tunda shi ba a raɗa masa ba. Kuma ni na tsaya ranar horo ina kaɗa yatsa, na ce duk wadda ta ƙirƙiri suna ta bar aiki. Sai Munira da ƴan'uwanta suka bi ta ƙofar da na bari, suka rubuta «kunya» a gurbin ƙarin bayani, da tunanin a biro za a gyara. Gurbin ƙarin bayani kuwa, na cire shi tun ranar farko don ya cika rubutun da ba ya lissafuwa. Na buɗe tsohon kwafi a gabanta. Kunya, kunya, kunya, layi bayan layi.

Na tambaye ta me ya sa hakan bai faru a garuruwan manoma ba, alhali mu ma muna kunyar ɗan fari. Ta yi dariya, ta ce a gari kafin uwa ta gama sunkuyar da kai maƙwabciya ta jefo sunan ta kan katanga, ko a zaro karne, wato katin rigakafi, daga ƙarƙashin tabarma. A ruga kuwa, ɗan fari da an yaye shi yana wajen kaka, karnensa ma can.

Munira ta fara kuka, tana cewa ita ta ja wa Inna Indo. Na ce ta share hawayenta, layin masu laifi ni ce a gaba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

An ba ni mota, da direba Sule, da kwana goma. Malam Bashiru ya ce sai na ga kowane yaro da idona, don an taɓa latsa mutuwa kan mai rai, ba ya son yanzu a latsa rai kan matacce. Haushi ya kama ni, amma gaskiyarsa ce.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan magariba, Buza

Ɗaya. Da rai.

Mun fara da Manu, dattijon rugagen nan, wanda ya san inda kowace bukka ta koma. An gama girbi, shanu sun gangaro gonaki cin kara, don haka mutanen da aka tambaya cikin bazara duk sun canza wuri. Ya bar mu tsaye a rana har ya gama ɗaure maraƙi. Da Munira ta faɗa masa abin da ya kawo mu, ya juyo gare ni da Hausa.

«Ku kunka ce Indo ta kashe muna ɗiya. Wa yag gaya muku? Mu ba mu kai ƙara ba.»

Na ce masa mun zo gyara ne. Ya shiga gaban mota ya zauna, bai sake yi mini magana ba sai nuna hanya da leɓe.

Ta farko a jerina yarinya ce ƴar shekara huɗu, Fatiha, tana wajen kakarta. Mun same ta tana jan ɗan akuya ta kunne. Kakar ta kawo karne cikin leda, ga ranar haihuwa, ga sa hannun Inna Indo. Na duƙa don in kalli yarinyar da kyau, ta ɗauka allura na zo yi mata, ta gantsara mini cizo a babban yatsa. Har yanzu ga shatin haƙoranta. Tun da muka dawo masauki nake duba wurin ina murmushi, Sule yana kallona ta gefen ido.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da la'asar

Huɗu. Duk da rai. Na uku ya yi mini fitsari a zani, na ce Allah ya yi masa albarka.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Mun koyi aikin yanzu. Ba ma tambayar uwa komai. Munira ta gaishe ta, ta tambayi ina kakar yara, ko gwaggo, shi ke nan. Kaka kuwa ba sai an roƙe ta ba, ta faɗi suna, ta faɗi laƙabi, ta faɗi wanda ya ɗauko a kamanni, ta ɗora da ƙorafin ƙin cin tuwo. Uwar tana can gefe tana burga nono kamar ba ita ake magana a kai ba, amma na lura kunnenta yana wajenmu, kuma gefen bakinta yana motsi.

Bakwai. Da rai.

Hanya ta bi da mu ta Rijiyar Jika. Ɗakin yana nan da kwaɗo a ƙofa, awaki sun kwanta a inuwarsa. Manu ya nuna mini gidan Inna Indo da leɓe, bai fi taku ɗari ba. Na ce wa Sule ya wuce, rana ta yi.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Sha ɗaya. Manu ya miƙo mini goro yau, bai dube ni ba, amma ya miƙo.

Ban kira Inna Indo ba. Na fito da lambarta sau biyu.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na sha biyu ba ya nan.

Uwar Mariyama sunanta, ba za ta wuce shekara ashirin ba. Munira ta tambayi kaka kamar kullum, sai kakar ta ce wannan kwana uku ya yi. A hanya aka haife shi, wajen tashi, nesa da kowane ɗakin haihuwa. Mariyama tana goye da na biyu, ta ci gaba da daka, sai dai taɓaryar ta rage sauri. Na riga na saba da murna har na zo da bakina a washe, ban san inda zan kai fuskata ba.

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Shekara shida da suka wuce ni ma na fito daga gidan likita hannu sake. Ɗana kwana huɗu ya yi a duniya, an riga an sayi rago. Shi ya sa da casa'in ta fito mini a na'ura ban yi gardama da ita ba. Kowace lamba sai na juya ta sau uku kafin in yarda, wannan kuwa na rungume ta don ta faɗi abin da zuciyata ta riga ta sani. Na ji kamar ina kare wasu uwaye ne, ashe ina zaunar da ungozomarsu a gida.

Na yi wa Mariyama ta'aziyya, duk da shekara biyu da abin. Ta ce Allah ya ba da lada, ba ta ɗago ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

Ban fita da wuri ba. Hafizu ya kira, bai tambayi komai ba, ya ce dai in ci wani abu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Sha shida da rai, biyu sun rasu da gaske, saura shida. Kwanakin mota sun ƙare yau. Na kira Malam Bashiru ina shirin faɗa, har na tanadi maganganu masu zafi tun a hanya. Ko gama gaisuwa ban yi ba ya ce in ƙara kwana huɗu. Na rasa inda zan kai faɗan da na tanada, sai na sauke shi kan Sule saboda ya faɗa rami.

Talata, 5 ga Nuwamba, da la'asar, Tamaske

Sauran sun watsu. Biyu mun same su gabas da Tamaske cikin Keita, mahaifiyar Munira ta ciyar da mu har muka kasa tashi. Ɗaya namiji ne mai shekara biyar, har ya fara bin ƴan maruƙa da sanda, ya tsaya yana kallona da raini kamar ya san abin da na rubuta a kansa.

Sha takwas.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma, Madawa

Mun rufe da ƙauyen Sabon Gida. Ashirin da rai. Uku sun rasu. Gida ɗaya ya yi kudu da shanu tun kafin girbi, ba wanda ya san inda suka sauka, na bar yaron cikin matattu yadda aka rubuta shi tunda ban gan shi ba.

Da muka sauke Manu jiya ya ce in gaida mutanen biro, in ce musu in sun sake son sanin wanda ya mutu a rugarsa, su zo su tambaye shi, yana da baki.

Na yi wanka da ruwan gidana, na kwanta da rana tsaka, ban farka ba sai kiran la'asar.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na sake lissafi. Talatin da bakwai a cire ashirin, saura sha bakwai cikin ɗari huɗu da sha biyu. Arba'in da ɗaya ke nan cikin dubu, manoma na talatin. Ninki ukun nan ya narke, bai kai ɗaya da rabi ba. Kuma da yake makiyayan da muka tambaya ba su da yawa, lambar tana lilo: gaskiyarta tana iya zama ƙasa kusa da ashirin da biyar, tana iya haura sittin. Talatin ta manoma tana cikin wannan tazara.

Malam Bashiru ya yi ajiyar zuciya, ya ce to sai in rubuta babu bambanci, a rufe magana. Na ce a'a. Ba zan iya cewa ninki uku ba, ba zan iya cewa babu ba. Abin da zan iya cewa shi ne alamu sun nuna makiyaya sun fi rasa jarirai, ba mu tambayi isassun mutane da za mu rantse ba, kuma ukun da muka tabbatar duk a hanya ko a daji aka haife su, ba a hannun Inna Indo ba. Ya ce wannan jimla ta yi tsawo, manya ba sa karanta doguwar jimla. Na ce gajeriyar ce ta kai mu inda muke.

Ya sa hannu. A shafin farko na rubuta yadda kuskuren ya faru da sunan wadda ta yi shi. Ya ce in cire sunana in sa «biro», na ƙi.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da azahar

Takarda ta tafi Tawa. Na gyara tambayoyin: yanzu akwai gurbin «uwa ba ta faɗin suna», kuma ƙarin bayani ba ya gogewa ko ni na so.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da yamma

Shiru.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da yamma

Shiru. Akwai tambayar da nake ta kauce wa tun muna daji: cikin makonnin nan da ɗakin ke rufe, matan da naƙuda ta kama ina suka je? Ban tambayi Manu ba don ina tsoron amsa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Amsa ta zo. Layi uku ne kacal, ba «a yi haƙuri» ko ɗaya a ciki, amma an ce Inna Indo ta koma aiki. Na shiga bayan gida na biro na yi kukana, na wanke fuska, na fito na ce ni zan kai takarda da mabuɗi. Malam Bashiru ya miƙo mini su.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar, Buza

Na same ta a tsakar gida tana sussukar wake. Gajeriya ce, siririya, ba yadda na zana ta a raina ba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunana. Ta ajiye sanda ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

«Ke ta mai lissahin? Ashe yarinya ta.»

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, Inna, ni na yi, ki yafe mini. Ta ce ta ji labari tun ranar da aka cije ni, Manu bai bar komai ba, har wucewar da na yi ta ƙofarta. Ta ce abin da ya fi mata ciwo ba zaman gida ba ne, a ce ta ɓoye mutuwar ɗan wani. Sai ta ce in tashi, gwiwata za ta yi ciwo, ta yafe.

Da ta karɓi mabuɗi na yi ƙarfin hali na yi tambayar. Ta ce sha ɗaya suka haihu cikin kwana arba'in da huɗu. Na ce, yaya suke? Ta ce duk lafiya, uwa da ɗa. Ita ta karɓe su, wasu ta je da ƙafa, wasu aka zo aka ɗauke ta a amalanke.

Na zauna a kan turmi. Amma na san takardar dakatarwa, a gabana aka buga ta, ta hana ta karɓar kowace haihuwa ko a ina. Na rage murya na ce kada ta damu, ba zan faɗa wa kowa ba, sha ɗayan nan ba sai sun shiga rajista ba.

Fuskarta ta canza. Ta shiga ɗaki ta fito da littafin ƴan lakwal, irin na rubutu a makaranta, ta ɗora mini a cinya. Sha ɗaya a jere, rana da sa'a, sunan uwa, ruga, mace ko namiji.

«Ɗiyata, shekara ashirin da biyu ban taɓa ɓoye haihuwa ba, shi anka ce na yi. Yanzu da anka wanke ni za ni hwarawa?»

Kunya ta rufe ni fiye da ta ranar da Munira ta zo. Muka tafi tare, ta kori awaki, ta buɗe kwaɗo. Tana shara ni kuma ina zaune a teburinta ina kwafe sha ɗayan cikin rajista, kowanne da ainihin ranarsa, ranakun da ɗakin yake rufe. A ƙasa ta sa hannu. Na karɓi alƙalamin na rubuta cewa na gani, na rubuta dalilin da ya sa ɗakin ya rufe, na sa nawa hannun a gefen nata.